Juye duk wata uku ko sai kilomita 5,000? Kuma me ya rage bayan baƙin mai?

Sabon_Direba_Kn:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masana. Mota ce Corolla 2006, 'yar Amurka, otomatik, zirga-zirgar cikin garin Kano kawai take yi, da ƙyar take cin kilomita 600 a wata. Wasu sun ce juyen baƙin mai duk wata uku ne, ko an hau ko ba a hau ba. Wasu sun ce a jira sai ta cika kilomita 5,000. Wanne ne daidai? Sannan ban da baƙin mai, me ya kamata a riƙa dubawa, kuma yaushe? Don abin da ake kira sabis a gareji da yawa bai wuce juye da hure filtar iska ba.

Injiniya_Samaru:
Wa alaikumus salam. Ba zaɓi ake yi tsakaninsu ba, wanda ya riga cika shi ake bi. Motar da ke cin kilomita 600 a wata sai ta haura wata 8 kafin ta kai 5,000, to ke nan watanni ne za su yanke hukunci, kuma kada ya wuce wata 6. Mutane na ɗauka motar da ba ta zuwa nesa hutawa take yi, alhali ita ce ta fi wahalar da mai. Tafiyar da ba ta kai kilomita 8 ba, kafin injin ya ɗauki zafinsa sosai an kashe shi. Tururin ruwa da ɗan fetur ɗin da ke zurarewa ta gefen fistin ba sa samun zafin da zai kore su, sai su zauna cikin man, a hankali ya zama laka. Ƙara da ƙura da tsayuwa a cunkoso injin na aiki maleji ba ya motsi. Littafin mota kansa aiki mai tsanani yake kiran irin wannan. Wata 3 ba ya cutar da injin, aljihu kawai yake cutarwa idan man mai kyau ne.

Dan_Kwatano77:
Kafin a yi nisa a gyara wani abu. 'Yar Amurka mil take ƙirgawa, ba kilomita ba, kuma mil 1 kilomita 1.6 ne. Idan makaniki ya dubi maleji ya ƙara 5,000 a kai ya rubuta maka a 'yar takardar nan, kilomita 8,000 ya ba ka bai sani ba. Kilomita 5,000 wajen mil 3,100 ne. 'Yan Kanada da 'yan Turai, ban da na Ingila, su ne masu kilomita.

Baba_KofarRuwa:
Wannan duk lissafin masu biro ne. Motar da ta haura shekara 15, ringi ya saki, metal ya ci, sannan a ce a zuba mata wannan mai ruwa-ruwan, 5W-30, a zafin watan Afrilu? Shanye shi za ta yi kamar kunu. A ba ta 20W-50, a juye duk wata uku da sabuwar filta, a zauna lafiya.

Injiniya_Samaru:
Baba, ranka ya daɗe, a nan zan saɓa maka. Zafin gari daban, zafin cikin injin daban. Injin da lagiretonsa ke lafiya, mansa yana wajen digiri 90 zuwa 100 ne, ko a Sakkwato yake ko a Jos. Lambar da ke zuwa kafin W tana nuna yadda man ke gudu kafin injin ya yi zafi, ta ƙarshen kuma kaurinsa bayan ya yi zafi. Injin wannan Corolla, 1ZZ, yana da VVT-i, abin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, kuma da ƙarfin mai yake aiki, ta wasu siraran hanyoyi da wata 'yar rariya da ba ta kai ɗan yatsa ba. Abin da ke ɗame taimin cen shi ma mai ne ke tura shi. Mai kauri yana jinkirin hawa sama da safe, kuma a waɗannan daƙiƙun farko ƙarfe ya fi cin ƙarfe. 20W-50 na su 504 ne da tsofaffin injuna masu kafireto. Abin da kamfani ya ce a zuba yana rubuce a kan murfin mai. In injin ya fara sha, a hau mataki ɗaya, 5W-40 ko 10W-40, ba a yi tsalle zuwa ƙarshe ba.

Baba_KofarRuwa:
Ban ƙi taka ba Injiniya, amma murfin an rubuta shi ne motar tana amarya. To a gwada mana. A cika mai daidai ɗigon sama na geji, sandar auna mai, a yi kilomita 1,000, a duba. Idan bai motsa sosai ba, ku ci gaba da naku. Idan ya sauka rabi ko ya wuce, ko salansa na fitar da hayaƙi shuɗi in an taka, to kauri ya zama dole kafin a sami kuɗin ringi. Ku tambayi masu Camry 2.4 ta 2007 zuwa 2009 labarin shan mai.

Hajiya_Nassarawa:
Tunda an zo maganar geji, yawanci ba a iya duba shi ba. A tsayar da mota a waje mai daidai, ba kan gangare ba. A kashe, a jira minti 5 zuwa 10 man ya koma ƙasa. A zare gejin, a goge, a mayar har ƙarshe, sannan a sake zarowa a karanta. Sau ɗaya a mako ya isa. Baƙin da mai ya yi ba shi ne lalacewarsa ba, aikinsa ke nan ya kwaso datti. Abin tsoro shi ne ya koma kalar shayi da madara, wannan ruwa ne ya shiga, ko ya riƙa warin fetur sosai. Sannan a hana yaran gareji juye galan gaba ɗaya. Wannan injin wajen lita 4 yake ci, galan mai lita 5 kuwa sai a ga an kife shi duka wai kada a yi asara. In mai ya yi yawa karanshaf yana kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe ƙarfe, sil-sil kuma su fara yoyo.

MaiShago_Fagge:
Kuna ta musu kan lamba, alhali babbar matsalar jabu ce. 5W-30 na jabu ya fi 20W-50 na gaske illa nesa ba kusa ba. A saya wajen dila ko gidan man kamfanin, a duba hatimin murfi bai taɓu ba, a duba alamar API, ta matakin ingancin mai, a jiki, SL ko SM ko SN ko SP. In an gama juye a huda jarkar kafin a yar, don irin su ake tsinta a sake cikawa. Filta ma haka. Ta gaske tana da wata roba a ciki da ke hana mai komawa ƙasa in an kashe mota. Ta jabu ba ta riƙewa, shi ya sa za ka ji injin ya yi "karrr" da safe na ɗan lokaci. Wajen ɗaurawa a shafa mai a robar bakinta, a tabbatar tsohuwar robar ba ta manne a jikin injin ba, a ɗaure da hannu, ba da sifana ba. Notin ƙasa kuma a sa masa sabuwar washa, kada a danne shi da ƙarfin tsiya har zaren ya tafi.

Sabon_Direba_Kn:
Allah ya saka da alheri. Baƙin mai ya fito fili. Saura rabin tambayar.

Lagireto_Panteka:
Rabin da ya fi kashe injin ma kuwa. Injunan da ake saukewa a gareji, da yawansu ba mai ne ya kashe su ba, zafi ne. Abu uku ake yi wa mota da zarar ta shigo ƙasar nan, duka ukun kuskure ne: a cire tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in injin ya yi zafi), a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga kunna makulli, a zubar da kulant a cika da ruwan rijiya.

Ruwan rijiya da na burtsatse suna da gishirin ƙasa. Irin farin dattin da ke taruwa a gindin butar shayi, shi ne ke toshe siraran bututun lagireto. Ga tsatsa da ke cinye fukafukan famfon ruwa. Kulant ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba, yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga zafin da ruwa zai kai kafin ya tafasa. Na Toyota kala biyu ne. Ja, mai kauri, ana haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ba, a sauya duk shekara 2. Ruwan hoda a haɗe yake zuwa, ba a ƙara masa ruwa, yana kai shekara 5 ko kilomita 80,000 bayan sauyin farko. Kada a gauraya kala-kala ba a san asalinsu ba.

Murfin lagireto ma kaya ne, ba marufi kawai ba. Akwai lamba a kansa, 0.9 ko 1.1, ƙarfin da yake riƙewa ke nan. In robarsa ta mutu ruwa zai riƙa tafasa da wuri yana gudu ta robar ajiya, a yi ta neman yoyo ba a gani ba. Kuma don Allah kada a buɗe shi injin na da zafi.

Dogon_Zango:
Oga Lagireto, maganar tamostat fa akwai dalili. In ya maƙale a rufe kana tsakanin Birnin Gwari da Tegina, kafin ka ankara gasket ya ƙone. Wanda aka cire ba ya maƙalewa.

Lagireto_Panteka:
Gaskiya ne yana maƙalewa, amma tsatsar ruwan rijiya ce ke maƙalar da shi, kuma maganinsa sabo, ba cirewa ba. Na Toyota wajen digiri 82 yake buɗewa. Gwajinsa ba wuya: a jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, kafin ruwan ya tafasa za a ga ya buɗe, in an sauke ya huce ya rufe. In babu shi injin yana daɗewa bai yi zafi ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara fetur. Mai ya ƙaru a sha, fulogi ya yi baƙi, fetur ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Ka ga mun dawo kan lakar da Injiniya ya faɗa tun farko. Motar cikin gari irin ta mai tambaya ita ta fi kowa buƙatarsa.

Dogon_Zango:
To, na ji. Amma ido a kan allurar zafi dai ba fashi.

MaiFaci_Sabongari:
A zo kan taya. Lambar da ke jikin taya, 44 ko 51 a awon iska na PSI, iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, ba abin da za a sa ba. Na motarka yana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, yawancin ƙananan motoci 30 zuwa 33. Masu buga taya da hannu su ce "ta yi" sukan kai ta 50. In iska ta yi yawa tsakiya ke cinyewa, mota ta riƙa tsalle, birki ya rage kamu. In ta yi kaɗan gefe biyu ke cinyewa, tayar ta yi zafi, ita ce mai fashewa a kan kwalta da rana. In gefe ɗaya kaɗai ya ci, alaimen ne ko tayarod ko boljoyin. A auna da safe kafin a yi tafiya, duk sati biyu, har da safaya. A juya na gaba su koma baya duk kilomita 10,000, wato duk juye biyu.

Shekarunta kuma suna jiki: bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu. 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Tayar Kwatano mai zane raɗau tana iya zama ta shekara 9.

Dan_Maradi:
Mu nan wajenmu da bar ake awo, motocin Turai ma haka takardarsu take. Bar 2.2 shi ne kusan 32 naku. Mai shigowa Maraɗi ko Damagaram ya riƙe wannan kada a yi masa aika-aika.

Hajiya_Nassarawa:
Malam MaiFaci, shekara nawa ke nan za a ce ta ƙare? Hukumar Kiyaye Haɗurra shekara 4 take faɗa.

MaiFaci_Sabongari:
Haka suke faɗa Hajiya. Masu ƙera taya sukan ba da fiye da haka, amma ko su sun ce kada ta wuce 10 ko da zanenta bai taɓu ba. Da irin ranarmu, in kin ga ƙananan tsagu a gefe kada ki tsaya ƙirga shekara. Zane kuma in ya sauka daidai da 'yan tudun da ke cikin ramin, wato milimita 1.6, ta gama.

Giyabos_Zariya:
Ba wanda ya taɓo man giya, kuma gyaransa ya fi na kowa tsada. Ba kowane jan mai ne man giya ba. Corolla 2003 zuwa 2008 wanda ake kira T-IV take sha. Toyota na baya-bayan nan WS. Honda nata daban, DW-1, wanda ya maye gurbin Z1. Masu CVT, wato giyar otomatik marar hawa-hawa, kamar yawancin Corolla daga 2014, nasu ma daban, in aka zuba musu na otomatik na gargajiya an gama da su. Galibi sunan yana rubuce a jikin gejin giyar. Wajen dubawa ma an bambanta: Toyota sai ta yi zafi, a bi da giya kowane gida a dawo P, injin na aiki a zare gejin. Honda kuwa kashewa ake yi a duba cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A nan ƙasar duk kilomita 40,000 zuwa 60,000 a kwance a zubar a mayar da daidai abin da ya fita, wajen lita 3 ne. A auna wanda ya fita, kada a yi kirdado.

Dan_Kwatano77:
Amma ana cewa in giya ta daɗe ba a taɓa ta ba, sauya man ne ke kashe ta.

Giyabos_Zariya:
Akwai ƙamshin gaskiya. In man ya riga ya yi baƙi yana ƙauri, faifan kulocin ciki sun cinye, garinsu da ke yawo a man shi ke ɗan riƙe giyar. Ka wanke tas da injin wanki, sai ta fara sulɓi. Ba sabon man ne ya kashe ta ba, da ma ta mutu. Irin wannan a zubar a cika kawai, a yi 'yan makonni a maimaita. Mai ja ko ruwan ƙasa-ƙasa marar ƙauri kuwa a sauya ba fargaba.

Rewaya_Gusau:
Nawa gajere ne. Batir lafiyayye in mota ta kwana yana nuna wajen 12.6, in injin na aiki 13.5 zuwa 14.5. Mita ce ke faɗin wannan. Cire kan batir injin na aiki wai don a gwada caji tsohon yayi ne, a motar da ke da kwamfuta yana iya ƙona ta. Farin garin da ke taruwa a kan batir a wanke da ruwan ɗumi da bekin soda, a busar, a shafa ɗan giris. Wajen cirewa a fara da mai alamar ragi, wajen mayarwa shi ne ƙarshe. Fitilar injin mai ruwan ɗorawa in ta kama a sa na'ura a karanta, kowace 'yar Amurka daga 1996 tana da wurin sawa a ƙarƙashin sitiyari. Ba a liƙe ta da salatif. In tana ƙyaftawa, wani silinda ne ba ya ƙona mai, a rage gudu a nufi gareji. Jar fitila mai hoton buta kuwa ba a kai ta ko'ina, a faka a kashe nan take.

Kanin_Kowa:
Salatif ɗin nan dai ya taɓa mutane da yawa a gidan nan, an yi shiru ne kawai.

Baba_KofarRuwa:
Birki fa? Kun bar abin da ke tsayar da motar. Duk juye a leƙa fad, in naman ya sauka milimita 3 a sauya, biyun gaba tare, ba ɗaya ba. A goge fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai a sa masa giris ɗinsa, in ya kafe gefe ɗaya ke cinyewa mota ta riƙa ja. Man birki yana shan danshi daga iska, in ya tsufa sai ya tafasa a gangare feda ta tafi ƙasa. Duk shekara 2 zuwa 3 a zuƙe shi duka, DOT 3 ko DOT 4, yadda murfin ya ce. In ya ragu a kofinsa kada a cika kawai a tafi, ko fad ne ya ci ko akwai yoyo.

Kuma mai tambaya ya gode Allah taimin ɗin tasa cen ne. Masu bel, irin su 406 da Accord ta 1998 zuwa 2002, in ba a san ranar da aka sa shi ba a sauya kawai, tare da tenshina da famfon ruwa. In ya tsinke a irin waɗannan fistin ne ke dukan bawul.

Injiniya_Samaru:
A nan ba ni da ja, Baba. In ƙara da filtar iska da mai tambaya ya ambata. Hure ta da kwamfuresa mai ƙarfi yana yaga takardar, ramukan da ido ba ya gani, ƙura ta wuce ta zauna a kan sensar iska, sauran ta shiga silinda ta zama kamar yashin goge ƙarfe. A kaɗe ta a hankali, a ɗaga ta a rana, in haske ba ya ratsawa a saya sabuwa. Da hunturu a duba duk wata. Fulogi na talaka kilomita 30,000 zuwa 40,000, iridiyom na gaske ya haura 100,000, kuma ba a kankare shi da burushin ƙarfe. Tanki kada ya riƙa sauka ƙasa da kwata, fetur ɗin ne ke sanyaya famfon da ke ciki.

Sabon_Direba_Kn:
To yanzu a tsaya a wata 6 ke nan, da 5W-30?

MaiShago_Fagge:
In man roba ne, wato sintetik, na gaske, wata 6. In na talaka ne, ni wata 4 zan ce.

Baba_KofarRuwa:
Ni dai ina kan ukuna. Ka fara leƙawa ka gani ko tamostat ɗin ma yana ciki, don in an cire, shidan Injiniya ba ta hau kanka ba. Ka cika daidai ɗigon sama, ka rubuta lambar maleji, in ta ƙara mil 600 ka dawo ka faɗa mana inda gejin ya tsaya.